Sarjan Ilu da sallamar da ban amsa ba

Shekara talatin ke nan bana da muka kai Sarjan Ilu makwancinsa a Magariya. Waɗanda muka ɗauki makarar tare duk sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, saura ni, ga gwiwa ta ƙi, ga haƙora sun yi sallama. In ban faɗi ko wane ne shi ba, ban ga mai faɗi ba.

Yaran yanzu ba su san gardi ba. Zamanin Nasara mu ne masu jar hula da ke tsaron barikin kumandan, wato Baturen mulki, mu raka shi rangadi, mu kai saƙonsa ƙauyuka. Ba aiki ne da talakawa ke ƙauna ba, ni kuma ban zo wanke shi a nan ba. Sarjan Ilu shi ne babbanmu. Tsohon soja ne, gajere, kakkaura, kunnensa ɗaya ya mutu tun wurin yaƙi, shi ya sa ko hira yake yi da kai sai ka ce faɗa ne. A hannunsa fagen harbi yake, can bayan bariki inda wata doguwar jigawa ta tare gabas. Duk harsashin da aka harba, cikin yashinta yake kwana.

Doguwar bindiga kowane gardi yana da ita. Ƙaramar kuwa, libarba, sai wanda ake shirin ƙara wa girma ake koya wa, kuma ita Sarjan ya fi tsoro. Yakan ce doguwa in za ta juya kowa na ganinta, ƙarama kuwa kafin ka ce kwabo ta riga ta kalli cikin ɗan'uwanka. Ranar da baƙo ya fara zuwa fage ba ya taɓa harsashi. Wuni zai yi yana ɗauka yana ajiyewa, Sarjan na tsaye a kansa. Bakin bindiga jigawa yake kallo, ko kana tafiya ko kana tsaye. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai idonka na kan abin da za ka harba. Ko kai ka zazzage harsashin da hannunka, in an sake miƙo maka ita, buɗe ka duba. Ba mai zuwa duba abin da ya harba sai kowa ya buɗe tasa ya ajiye a kan tabarma, an busa usur. Mai gardama kuwa ya sha gudu a rana har sai ya ga taurari.

Waɗannan dokoki duk daga wurin Nasara ya koyo su. Akwai ɗaya tasa ta kansa, wadda babu ita a littafin kowa: a fagensa ba a gaisuwa. In bindiga na hannunka, ko wa ya yi maka sallama, ka yi kurum. Har limamin bariki ya same shi a kan wannan, ya ce amsa sallama wajibi ne. Sarjan ya ce, “Allah gafarta malam, ban hana ba. Ya ajiye ƙarfen tukuna, ladar ba gudu za ta yi ba.”

Mun tambaye shi, to me zai hana mutum ya amsa da baki kawai, ba tare da ya juya ba? Ya yi mana kallon sakarkaru. Ya ce a nuna masa ɗan halas ɗaya a ƙasar Damagaram da zai amsa wa babba gaisuwa ya ba shi ƙeya. Baki na buɗewa wuya zai bi, kafaɗa ta bi wuya, gwiwa ta nemi ƙasa, hannu kuma ya zo da abin da ke cikinsa. Ya taɓa gani da idonsa, wani sabon gardi ya juyo zai durƙusa wa kawunsa, harsashi ya tone ƙasa tsakanin ƙafafun tsohon. Tun ranar ya ɗaure bakin kowa.

Ni a lokacin ina neman auren Dije, wata yarinya a Dungas, mun shirya da ita, iyaye mata sun yi na'am. Mahaifinta ne bai gama sakin jiki ba. Ba zan kama sunansa ba, har yau ina jin nauyinsa. Manomi ne mai shanu, mutum mai tsare girmansa, kuma jar hular nan tawa ba ta kwanta masa ba. Ya dai ce zai duba.

Sai ga ranar feti ta zo, ranar da Nasara ke bikinsu, aka shirya gasar harbi. Ba tsayawa wuri ɗaya ake yi ba. An kafa turaka an kife tsofaffin tukwane a kai, ka taso daga gindin goruba da sauri, ka tsaya bayan buhunan yashi ka fasa biyu, ka matsa gaba ka durƙusa ka fasa na gaba. Wanda ya fi fasawa, ya kuma riga gamawa, shi ke da bargo da kan sukari. Mutanen gari sun cika bayan igiya. Ashe ranar mahaifin Dije ya shigo Magariya cin kasuwa, aka ce masa ai yaron nan naka yana cikin masu harbi, ya ce bari ya je ya gani.

Ina bayan buhuna, na ɗana, yatsana na kan kunama, sai na ji murya daf da bayana: “Salamu alaikum, Laminu.”

Wallahi ko cikin barci na san muryar nan. Ya tsallake igiya, don shi a saninsa igiya ta dabbobi ce. Wuyana ya fara tafiya da kansa, na ji shi. Na cije, na kafa ido a kan tukunya. Ya sake sallama, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Na cire yatsa, na kwantar da kunamar a hankali, na buɗe bindiga na zazzage harsashin, na ajiye a tabarma, na jira usur kamar yadda aka koya mini. Abin bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba, amma ko da na juyo na zube ƙasa, bayan rigarsa kawai na hango yana ratsa mutane. Gasa kam ta wuce ni, wani Bagobiri ya tafi da bargon.

Ba a jima ba gwaggon Dije ta aiko cewa maganar aure ta tsaya. Tsohon ya ce ya yi wa yaro sallama har sau biyu a gaban jama'a, yaro ya ba shi baya. Tun bai ba shi 'ya ba ke nan, ina ga ya ba shi? Rigar Nasara ta hau masa kai. Na daina cin abinci, na rame kamar kara. Na ji haushin Sarjan ƙwarai, har na daina gaishe shi a waje ma, ba a fage kaɗai ba.

Ranar hutunsa Sarjan ya cire kayan sarki, ya sa riga da hula irin ta kowa, ya hau doki sai Dungas. Abin da ya faru can, daga bakin tsohon da kansa na ji shi bayan shekaru, yana ba da labarin yana dariya.

Sarjan ya tarar da shi a bakin rijiya yana shayar da shanu. Sa na jan igiya, shi yana tsaye a baki yana jiran wasaki, gugan fata, ya fito. Sarjan ya ɗaure doki ya tsaya gefe yana jira, sai da wasakin ya iso baki cike da ruwa, tsohon ya sunkuya ya rungume shi da hannu biyu. A nan Sarjan ya rangaɗa sallama da muryar nan tasa. Shiru. Ya sake. Sai da tsohon ya janyo wasakin ya juye a kwami, ya miƙe, sannan ya amsa.

“Malam, sau biyu ina sallama,” in ji Sarjan.

“Haba bawan Allah, ba ka ga abin da ke hannuna ba? So kake in bi shi cikin rijiya?”

“Na gani. Naka ruwa ne. Na hannun Laminu wuta ce, an ɗana ta, kai kuma kana tsaye daidai inda za ta juyo. Ni na hana shi amsawa. In akwai mai laifi, ga ni na kawo kaina.”

Tsohon ba mutum ba ne mai saurin saukowa, bai kuwa ce ya yarda ba. Cewa ya yi a kawo wa baƙo fura. Da Sarjan zai hau doki ne ya ce masa, “Ka ce wa yaron yana da bashin gaisuwa a gidan nan, ya zo ya biya.” Na je kuwa, na durƙusa a zaure har ƙafafuna suka mutu. Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure, Sarjan Ilu ne wakilina.

Wani lokaci in na zauna ƙofar gida ina kallon titi, nakan ce da Sarjan zai leƙo yau, da wa zai fara? Ga 'yan kabu-kabu suna gudu a kan moto, wato babur, wuya a karkace suna gaida mutanen bakin hanya. Ga samari masu kaki suna ɗaukar hoto da bindiga, yatsa a cikin kunama, bakinta na kallon abokin da ke ɗaukar hoton. Na tabbata da sai muryarsa ta dushe. Amma ba duka ya lalace ba. Jikana da ya shiga jandarma ya zo hutu, na ce ya nuna mini tasa. Kafin ya miƙo sai da ya juya bakinta ga bango, ya cire harsashi, ya leƙa ciki, ya sake leƙawa. Bai taɓa jin sunan Sarjan Ilu ba, amma na ji daɗi har cikin raina, na ce da mutumin yana nan da ya sami abin gyarawa duk da haka, don bai iya yabo ba.

Sarjan bai bar gida mai bene ba, bai bar garke ba. Jigawar ma gari ya cinye ta, gidaje ne a wurin yanzu. Abin da na sani shi ne, duk shekarun da ya riƙe fagen nan bayan ya kafa dokarsa, ba a ɗauki kowa a kan makara daga can ba, ba a kai kowa likita ba. Irin wannan aiki ba ya barin alama, don mutanen da ya tsirar ba su ma san an tsirar da su ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da na ce wa Dije zan rubuta labarinsa a jarida, tana zaune tana tsince wake, ta ce kada in cika surutu irin nawa. Na ce to me zan rubuta? Ta ajiye faifan ta dube ni.

“Malam, ka rubuta cewa da ka amsa sallamar nan, da na rasa uba. Da bai je Dungas ba, da na rasa miji. Shi ya bar mini ku duka biyu.”