Gwaggo Tabawa da Atamfar Surukata

Duk wanda ya san Gwaggo Tabawa ya san 'yan madubanta biyu da take ƙullewa a bakin zane. Ko a gidan suna ne, in ta hango atamfa mai manyan furanni a jikin mace, sai ta matso ta kafa su baki da baki a cinyar baiwar Allah, ta leƙa ta ga irin sabon furen da zai fito a cikinsu. "Kash! Wanga zane ɓata shi anka yi da anka ɗumke shi." Mata har gudunta suke yi!

Sana'arta ke nan, wai a Maraɗi ta koyo: ta yayyanka atamfa guda, ta sake harhaɗa ta gida-gida kamar saƙar zuma, ta zama shimfiɗar gado. Wani Alhaji ya taɓa kai mata farar shadda, ta ce, "Kurman yadi kak kawo min? Mi za shi hwaɗi?"

Ni kam ban yi dariya ba ranar da abin ya faɗo kaina. Ina amarya a Sabon Birni, surukata Inna Ige, wadda ko gaisuwata da ƙyar take amsawa, ta ba ni atamfar da babban ɗanta ya kawo mata, in kai wa tela a Isa. Na biya in gaida Gwaggo, ai ƙanwar babana ce. Ina sallame azahar na ji kyaaat! Ta raba turmin gida shida.

"Gwaggo, kin kashe min aure!"

"Zamna, ke Saratu. Sai in hannu ya karkace za shi mutuwa."

Ta sa na jera ƙyallayen shida, fure a kan fure, allura ta huda idon furen na sama ta fito daidai a idon na ƙasa. Sannan ta miƙo min almakashi.

"Ke za ki yanka. Ni hannuna rawa shikai."

Ku ji fa, wadda ta keta turmi yanzun nan! Gumi na tsiyaya na rinƙa fitar da 'yan yanka masu kusurwa uku, tana kaina: "In guda yak kauce, duka sun tashi banza." Da muka haɗa tsinin shida wuri ɗaya, sai ga wani fure da babu shi a atamfar. Ya yi kyau.

Haka na yi ta zirga-zirga Isa da sunan bin tela. Inna Ige ta ce, "Telan ga mutuwa yay yi?" Ashe ta ji labari, rannan sai ga ta a kan babur har ƙofar Gwaggo, ina zaune ina ɗinkin bakin ƙarshe.

Gwaggo ta ce, "Ige, ni nay yanka, yarinya ta ɗumka. In hwaɗa za ki yi, ga ni."

Inna Ige ta juya bayan shimfiɗar, ta bi ɗinkin da farce, ta naɗe ta sa a hammata. "Tashi mu tahi gida." Shi ke nan. Shekaru ina zaune da ita ban san matsayina ba, ban kuma ƙara ganin shimfiɗar ba.

Sai ranar da Gwaggo ta rasu. Za a fita da makara, Inna Ige ta zaro shimfiɗar daga mayafi ta miƙa wa maza. "Ku ruhe ta da wanga. Ɗumkin ɗiyata na."

A nan kuka ya ƙwace min. Allah ya jiƙanki Gwaggo, ya yafe miki rigimarki, ya yalwata miki makwanci.