Baba Kafinta da Kansar da Ya Gada

Babanmu kafinta ne, kuma tun ina yarinya bai taɓa yarda wani ya fi shi a komai ba, balle mai waldan da shagonsa ke jikin nasa. Sun tsufa suna gardama a kan wa ya fi ƙarfin hannu. Sai ga shi a shekara ɗaya likita ta ce dukansu suna da kansar mafitsara irin ta maza, kuma ta Baba har ta kai ƙashi.

Allura iri ɗaya ake musu. Mai walda ya murmure, har tumbi ya ajiye. Baba kuwa ya ɗan ji sauƙi, daga baya ciwon baya ya dawo, ko zarto ba ya iya ja.

"Tasa allurar suka fi cikawa," in ji shi. "Ni ruwa suke ɗura min."

"Haba Baba, kwalba ɗaya ce fa!"

"Ke kina wurin?"

Ranar da na kama shi da ƙwayoyin maganin mai walda a aljihun riga, kaina ya kusa fashewa. Na ja shi sai gaban likita. Ta sa aka gwada jininsa, muka koma jin sakamako.

"Baba," ta ce, "sunan ciwon ɗaya, amma jiki kowa da irin nasa. Akwai wani canji a ƙwayoyin halittarka, gadonsa ka yi. Shi ke sa taka ta fi saurin yaɗuwa."

"Wato zuriyarmu ce ruɓaɓɓen katako?"

"Ban ce ba."

"Kin ce mana! Ubana bai taɓa kwanciya asibiti ba."

"Me ya yi ajalinsa?"

Ciwon baya ne da wahalar fitsari, duk gidan mun sani.

Ta sauya masa magani zuwa wanda ya dace da irin nasa. Ta faɗa masa gaskiya, ba warkewa ba ce, jinkiri ne, kuma ba ta san tsawonsa ba. Ta ƙara da cewa mu 'ya'yansa, maza da mata, ya kamata a gwada mu.

Nan fa abin ya juyo kanmu. Mutumin da sai an yi dambe yake shan ƙwaya ya zama mai wa'azin asibiti. Ni na je, ƙannena suka je. Yayanmu ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kar a jawo masa abin da babu.

Baba ya ɗauki filonsa da ledar magani ya tare a falon Yaya. Ya kushe kujerun, ya kushe ƙofar, ya riƙe rimot ya hana kowa kallo. Matar Yaya ta kira ni kamar za ta yi kuka.

Kafin mako ya ƙare Yaya ya miƙa hannu aka ɗebi jini. An sami canjin a jikinsa, amma ba ciwon, yanzu ana duba shi a kai a kai. Baba ya ƙara shekara biyu yana mana faɗa, sannan Allah ya karɓi abinsa.