Faifan da Ban Sabunta Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda muka buɗe shagon ɗaukar hoto tare shekara ashirin da uku da suka wuce. Yaya, kwana tara ke nan, kuma na kasa haɗa ido da 'yarka, don ta roƙe ni hoto guda ɗaya, ni kuwa ban san ko yana duniya ba.

A shago Malam Kwafi Uku muke ce maka, kana ji kana murmushi. Dokarka ce kowane hoto ya zauna wuri uku: a kwamfuta, a faifan ajiyar da ke aljihun tebur, da wani faifan da kake tafiya da shi gida. Duk Alhamis sai ka zo da na gida ka sabunta shi, ka mayar. Farkon wata kuma ka kashe kwamfutar da gangan, ka ce mu ɗauka ta ƙone, in nemo maka hoton wance na bara. Na sha cewa kana da neman wahala, wa zai kashe lafiyayyar na'ura don ya ga ko zai iya kuka? Sai ka ce ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba, zato ce kawai.

Ban manta matar da gidanta ya ƙone ba. Ta shigo ba ta ma sa rai, tana tambayar hoton aurenta na shekara goma sha ɗaya baya, mijin kuma ya rasu. Ka ba ta kujera, ka sa aka kawo mata ruwa, kafin ta shanye ka juyo mata da fuskar kwamfuta. Ta dafa gilashin da tafin hannunta ta yi ta kuka. Ka wanke mata manya guda biyu, ka ce ta gaida yara.

Da ciwo ya kwantar da kai wata biyar da suka wuce, ka damƙa min faifan gida a hannu. Na jefa shi cikin durowar ɗakina, a nan ya kwana, a nan ya tashi. Aiki ya yi min yawa, kullum ina cewa Alhamis mai zuwa. A gadon asibiti, numfashinka na fita da ƙyar, ka tambaye ni.

"Kana sabunta na gida?"

"Ina yi, Yaya. Kwantar da hankalinka."

Ka lumshe ido ka ce Allah Ya yi min albarka. Wallahi albarkar nan tana ƙona ni har yau.

Kwanakin da muka rufe shago muna karɓar gaisuwa, famfon mutanen bene ya fashe. Ruwa ya biyo silin ya sauka kan teburinka, ya cika aljihun taf. Kwamfutar ta tafi, faifan aljihu ya jiƙe sharkaf. Na ruga gida na jona nawa, na tarar hoton ƙarshe a ciki na wata biyar ne. Katin ajiyar cikin kyamara kuwa ni da hannuna na goge shi, kamar yadda muka saba bayan an juye aiki.

A cikin abin da ya tafi akwai aikin mutane da yawa, kuma zan tsaya gabansu in sha zagin da na cancanta. Amma akwai ranar da aka sallame ka na kwana biyu, ka dage sai an kawo ka shago da jikanka na fari, ɗan kwana ashirin. Ka hana kowa ɗaga waya, ka ce gidan mai hoto ba a yin na waya. Ni na ɗauki hotonku da kyamara, sau ɗaya, don ba ka iya zama da yawa. Ba ku ƙara haɗuwa ba.

Faifan da ya jiƙe yana wurin mai gyara. Na je sau shida. Jiya ya ce in daina zuwa ina tsaya masa a ka, zai buɗe cikinsa ranar Asabar, kuma kada in ɗora rai. Na ce ya ɗauki kyamarorin duka in ya so. Ya ce ba a nan matsalar take ba.

Ya Allah Ka jiƙan yayana, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka saka masa da amanar mutane da ya riƙe. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da mu 'yan'uwansa haƙurin rashinsa. Ya Allah Ka sa faifan nan ya buɗe, ko sau ɗaya ne.

Ke kuma 'yata, sau uku ina ce miki gobe, na kasa faɗa miki da baki, shi ya sa na rubuta. Laifina ne, ba na ruwa ba. In hoton bai dawo ba, ga abin da na gani ta cikin kyamara, ki riƙe wa yaron har ya girma. Babanki ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Na ce ya kalle ni, ya ƙi. Ɗanki yake kallo, yana dariya.