Gawon Kaka a Hoton Sama

Lokacin da muke yara, unguwar Koira Kano ta Yamai gonaki ce. Bukkar Kakarmu tana gindin wani gawo, kuma da an idar da sallar magariba sai ta tura kara a murhu ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe." Mu biyu ne jikokinta, ni da ƙanwata Hadiza. Cinyar Kaka ta Hadiza ce, ni kuwa nawa gefen tabarma ne, wajen da hayaƙi ke bi.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta Shaho da Kunkuru. Shekarar fari, Shaho ya tashi sama ya hango kore, ya ja dabbobi tafiyar kwana uku, suka tarar ashe tumfafiya ce, ba mai ci. Kunkuru ne ya shinshina yashin ƙorama ya ce a tona nan, ruwa ya fito. Kullum Kaka sai ta ɗaga hannuwan Hadiza ta ce, "Ga Shahona," ta nuna ni da baki, "ga Kunkuruna." Ko da yake Kunkuru ke cin nasara, haushi nake ji kamar in fashe. Wa ke son zama Kunkuru?

Yau ina ɗinki a unguwar Wadata. Hadiza tana aiki a wani biro, wato ofis, inda suke bin yadda Yamai ke cinye gonaki, da hotunan tauraron ɗan adam. Ran nan ta zo shagona da odinata, wato kwamfuta, tana murmushi.

"Yaya, na gano wurin Kaka!"

Cinya ta samu, lakkwal, karatun boko, ta samu, yanzu har wurin ma ita za ta fara ganowa? Ta buɗe tsohon hoto, gonaki kore shar, ta ɗora yatsa kan wani itace mai duhun ganye.

Na ce, "Wane lokaci aka ɗauki wannan?"

"Tsakiyar damina."

"To ba shi ba ne. Gawo da damina yake zubar da ganye. Kin manta, don ba ke kike sharar wurin ba."

Ta nemo hoton rani. Ƙasa ta yi fari fat, sai ɗigo ɗaya kore can gabas da inda ta nuna. Ta sauya zuwa hoton bana: rufin kwano ne jere, da katanga ta bi ta kan ɗigon. Hawaye suka zubo mata. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na fara ji kafin baƙin ciki ya iso.

Sai yanzu na gane Kaka ba raina ni ta yi ba, ta san wadda za ta riƙe ƙasa a kai. Amma da Hadiza ta rufe odinatarta ta tari taksi, na koma kan keken ɗinkina na daɗe ban taka ba. Shekara talatin ke nan, har yau fiffiken nake so.