Shayi da Babban Sakatare

A shekarun da gwamnati ke kwashe kayanta daga Legas zuwa Abuja, ni ma an kwaso ni. Labarai nake karantawa da Hausa a gidan rediyo. Aka ce mu ma'aikata mu yi gaba, iyali su biyo baya idan yara sun gama zangon karatu. Aka ba ni gida a wani bene a Wuse, fentinsa bai gama bushewa ba, kewaye da shi jar ƙasa da tarin yashi da motocin tifa. Kusan duk mazauna benen maza ne da muka baro matanmu. In an tashi daga aiki babu wurin zuwa, sai tituna masu faɗi da babu kowa a kansu.

Wani Akanta, Bayerabe mai ƙaton ƙirji da Hausa ta kasuwa, shi ya kawo mana ɗaga ƙarfe. Ya cika gwangwanayen fenti da kankare, ya soka musu bututun ruwa, muka riƙa taruwa a bayan bene da la'asar. Daga baya ya samo wani dogon ƙarfe daga ƙarƙashin matacciyar tifa, aka maƙala masa faya-fayan ƙarfe a kowane gefe. Muka sa masa suna Babban Sakatare, domin ba ya tashi wa kowa sai da ƙyar.

Akanta ya kafa doka. Duk wanda bai ɗaga Babban Sakatare daga ƙasa ya miƙe da shi tsaye ba, shi zai dafa wa jama'a shayi bayan motsa jiki, ya kuma wanke kofuna. Da farko mu masu shayi muna da yawa. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga suka bar ni da risho.

Matsalata ba ta canzawa. Ƙarfen yana barin ƙasa, ya taho har dab da gwiwa, ya tsaya. Ni kuma in tsaya tare da shi ina karkarwa kamar janareta.

"Mai Labarai, ajiye shi," in ji Akanta. "Ruwa ta tafasa."

Ban damu sosai ba. Shayina ma gaba ya riƙa yi, na koyi sa citta da kanumfari, na gane lokacin zuba madara. Hankalina bai tashi ba sai da saƙo ya zo cewa matata da yara suna tafe ƙarshen zango. Tagar kicin ɗinmu kai tsaye take kallon bayan bene. Matata ta san ni a matsayin mutumin da ake jin muryarsa har ƙauyensu, wanda bai taɓa kunna risho a gida ba. Ban so abin da za ta fara gani a Abuja ya zama ni da tire ina bin ƙarti da kofuna.

Akanta ya ji labari. "Madam zai zo?" ya ce. "Madalla. Zan saya maka sabon tire."

A cikinmu akwai wani Injiniya mutumin Zariya, wanda ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi a gabashin Turai. Siriri ne, bai kai ni jiki ba, amma yana ɗaga Babban Sakatare kamar yana ɗaukar jakar ofis. Na same shi gefe na roƙe shi sirrin. Ya ce in gwada ya gani. Na gwada, na tsaya a inda na saba tsayawa.

"Ƙarfi kana da shi," ya ce. "Amma kana ɗaga shi kamar kana karanta sanarwar rasuwa."

Ya bayyana mini cewa jiki ba ya iya ba da iyakar ƙarfinsa sai na ɗan lokaci kaɗan. Wanda ya taho a hankali, kafin ya kai gwiwa lokacin ya ƙare. Ya nuna mini wata tifa da ke hawan gangare da lodin yashi. Direban tun daga ƙasa yake taho da gudu, in ya bari sai a tsakiyar hawa zai taka mai, baya zai koma.

Maganin da ya ba ni ya ba kowa dariya. Ya ce in rabu da Babban Sakatare gaba ɗaya. In ɗauki abin da bai wuce rabin nauyinsa ba, in ɗaga sau ɗaya da iyakar saurina, in ajiye, in huta, in sake. Da zarar saurin ya ragu, a tashi, ko da ban gaji ba.

"Oga Injiniya," in ji Akanta, "wannan kayan yara ne. Mutum yana son ya ɗaga giwa, kai ka ba shi akuya."

Ranar farko na fahimci sauri yadda bai kamata ba. Na sunkuya na fizgi ƙarfen da hannu, ya taho da sauƙin da ban zata ba, muka tafi baya tare muka zauna cikin tarin yashi. Akanta ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

"Sauri na ce, ban ce fizga ba," in ji Injiniya, yana karkaɗe mini baya. Ya koya mini in fara jan ƙarfen kaɗan har hannuwana su miƙe su ɗaure, in cika ciki da iska, sannan in tura ƙasa da ƙafafu gaba ɗaya, kamar ina son in nutsar da Wuse. Cika ciki da iska kam na iya. Shi aka fara koya mana kafin a bar mu mu zauna gaban makirfo.

Daga nan darussa suka ƙaru. Wata rana ya sa in tsaya kan katako, don tafiyar ƙarfen ta yi tsawo. Wata rana ya ɗora ƙarfen kan bulo, in fara daga daidai gwiwa, wurin da nake maƙalewa. Akwai kuma tsugunno: ƙarfe a kafaɗa, in zauna kan bulo in natsu, sannan in miƙe farat ɗaya. Injiniya ya ce in ɗauka minista ne ya shigo ofis ba sanarwa.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne sarƙa. Ya aro wasu manyan sarƙoƙi na ɗaure kaya, ya rataya a gefen ƙarfen, sauran suka kwanta a ƙasa. Kana miƙewa, sarƙa tana barin ƙasa, nauyi yana ƙaruwa. Wanda ya yi sanyi a hanya, sarƙa za ta kama shi. Ni ba na ganin kaina, amma ina da kunne. In na yi nawa, sai in ji ƙarar tana zuwa ɗaiɗai, zobe bayan zobe. In na yi daidai, ƙara ɗaya ce, shuu, ta wuce. Na daina tambayar Injiniya ko na yi sauri. Sarƙa ke gaya mini.

A duk makonnin nan ban taɓa Babban Sakatare ba, kuma ban fasa dafa shayi ba.

Iyali suka iso wata Juma'a, tasi mai kore da fari ta sauke su da akwatuna. Washegari da la'asar na sauko bayan bene. Akanta ya riga ya fito da risho da buta ya ajiye su a tsakiyar fili, sabon tire yana ƙyalli a kai. Na ɗaga kai na ga labulen kicin ya motsa.

"Yau zan gwada," na ce.

"Gwada, gwada," in ji Akanta. "Amma fara ɗora ruwa, kada mu ɓata lokaci."

Na tsaya gaban ƙarfen. Na kama, na ja har hannuwa suka ɗaure, na cika ciki, na tura ƙasa. A raina gudu nake yi. Daga baya Injiniya ya ce a ido tafiyar hawainiya ce, domin babban nauyi ba ya taɓa tashi da sauri, niyyar ce kawai take da sauri. Ƙarfen ya zo gwiwa, ya yi kamar zai tsaya su gaisa, ya wuce. Na miƙe tsaye. Akanta ya zagaya ni yana duba ko ƙugu ya miƙe, sai da na fara ganin taurari sannan ya ce, "Ya tashi."

Ina zaune kan bulo ina haki matata ta sauko da yara don a gaisa da maƙwabta. Akanta ya tare ta da fuskar ta'aziyya.

"Madam, sannu da zuwa. Yau mun yi babban asara. Mijinka ya bar aikin shayi."

"Wane shayi?" ta ce.

"Ah, ba ka sani ba? Duk Wuse babu hannu kamar nasa. Citta, kanumfari, madara daidai. Kofi kuma in ya wanke, kana ganin fuskarka."

Ta dube ni, ta dubi risho, ta dubi tiren.

Da muka hau sama na tambaye ta ko ta ga abin da na ɗaga.

"Na ga kana ta fama da wani ƙarfe," ta ce. "Yana da nauyi ne?"

Da safe na fito na tarar da buta da citta da kanumfari a jere kan tebur.

"Baban yara," ta ce, "ga ashana. Ni ba na son sukari da yawa."

Babban Sakatare ya daɗe da tafiya wurin masu gwangwan, benen ma an sake masa fenti ba sau ɗaya ba. Shayin safe a gidanmu kuwa har yau ni nake dafawa, kuma ta ce in na yi sauri ba ya daɗi.