Belin Inna

A shekarun yaƙin basasa yayana ya shiga soja, kuma tun daga ranar da motarsu ta bar Keffi abinci ya daina wuce wa Inna. In ta kai loma baki sai ta yi ta juya ta, can ta tofar a hannu, ta kama wuyanta ta ce wani abu ya tokare mata maƙogwaro. Koko kawai take iya sha, shi ma da ƙyar. Muna kallo ta rame har zoben hannunta yana zamewa.

Yaya shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan nan ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ana hirarsa tashi take yi ta ce za ta duba wuta. Shi ya sa duk gidan babu wanda ya haɗa ciwon da tafiyarsa. Goggo, yayar Baba, ta zo daga unguwar Liman Abaji, ta sa ta buɗe baki, ta leƙa, ta ce ai beli ne ya sauko, a kira wanzami ya cire. Ita dai Goggo, ko ciwon ƙafa ka kai mata sai ta ce beli ne.

Lokacin ina sakandare, muna da wani Bature mai koya mana Latin, dogo, kullum cikin gumi. Wata rana ya rubuta kalmomi a allo: angst ta Jamusawa, angoisse ta Faransawa, angustia ta mutanen Sifen, da 'yar'uwarsu ta Ingilishi. Ya ce duk sunan fargaba ne, kuma duk jikokin wata tsohuwar kalma ce mai nufin matsewa da shaƙewa. Sai ya kama wuyansa da hannu ya ce mutanen da can ba su ce tsoro ba, wurin da abin ke kama mutum suka nuna. Wallahi hannun nan nasa a wuya, hannun Inna na gani.

Da na koma gida na sami Baba a shago na faɗa masa ciwon Inna ba beli ba ne, fargaba ce. Ya dube ni ya ce, "To likita, boko ya yi rana. Uwarka ta ce maka tana tunanin wani ne?" Ba ta ce ba, kuma ba za ta ce ba. Ranar Asabar wanzami ya zo da ƙarafansa, Inna da kanta ta zauna a tabarma ta buɗe baki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. An yanke mata nama lafiyayye, ta yi ta tofar da jini, abincin kuma bai wuce ba.

Bayan kwana biyu na kai mata kunu, na zauna na ba ta labarin Baturen da kalmominsa. Ban ambaci Yaya ba, ban isa ba. Ta dubi ƙwaryar kunun, sannan ta ce da dasasshiyar murya, "Su ma Turawan suna da 'ya'yan fari ke nan." Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar.

Da yaƙi ya ƙare Yaya ya dawo, baƙi ƙirin, yana ɗingishi. Gida ya cika da guɗa, Goggo har da rawa. Inna kuwa ko leƙowa ba ta yi ba. Da ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ta ce a rage mata hayaniya. Da azahar aka aike ni ɗauko kwanonta. Na tarar ta cinye tuwon tas, tana tambaya ko da saura a tukunya.