Kwamfuta Ta Riga Shi Sanin Halin Gwaggo

Wata rana wani kantin magani mai rassa a Kano ya ba wani matashi, Nafi'u, aikin da ya daɗe yana roƙon Allah ya samu.

Bayanan cinikin kantin duka suna ajiye a rumbun intanet, wanda masu harkar ke kira gajimare. Aikinsa shi ne ya haɗa shafin kantin da wannan rumbu, yadda ko farasitamol aka sayar a reshen Hotoro, nan take manaja zai gani a wayarsa.

Nafi'u ya iya, ba a maganar wannan. Ya rubuta tambayoyin da shafin zai riƙa yi wa rumbun. Wane magani ya kusa ƙarewa? Wane reshe ne ciniki ya ja baya?

Sai manaja ya ƙara masa guda: su waye masu sayen maganin wata-wata da suka daina zuwa? A zaƙulo su, a tura musu saƙon talla.

Ya rubuta, ya danna. Kafin ƙiftawar ido sunaye suka zubo, ɗaruruwa.

Bai karanta ko ɗaya ba. Shi dai saurin fitowarsu ya burge shi. Har hoton allon ya ɗauka ya tura wa abokai, ana ta zuba masa kirari, kai yana kumbura.

A cikin sunayen nan akwai Ladidi Garba.

Gwaggonsa ce, wadda ta riƙe shi a Gwammaja tun rasuwar mahaifiyarsa. Hawan jini gare ta mai tsanani, likita ya ce ko kwana ɗaya kada ta yi fashin magani. Nafi'un ne ma da kansa ya yi mata rajista a kantin.

To Gwaggo ta ji sauƙi. Wata maƙwabciya ta ce mata ƙwayar Bature lalata ƙoda take yi, ta koma tafarnuwa da zoɓo. Ta koma, ba ta gaya wa kowa ba.

Shi kuwa gogan naku aiki ya sha masa kai. In ta kira, sai ya ce, "Gwaggo, ina cikin mitin, zan kira." Mitin ɗin nan har yau bai ƙare ba.

Kullum ya buɗe shafin, sunanta na nan a jere.

Wata Laraba tana alwalar azahar ta yanke jiki ta faɗi.

A asibiti ya tarar da ita baki ya karkace, ɓarin jiki ɗaya ya mutu. Tana kallonsa hawaye na bin kuncinta, magana ta ƙi fita.

'Yarta Hajara ce riƙe da wayarta. Tana neman lambar wani ɗan'uwa sai ta ci karo da saƙonni a jere, ba wanda aka buɗe, don Gwaggo ba ta karatun boko.

"Hajiya Ladidi, mun yi kewarki! Kin daɗe ba ki karɓi maganinki ba. Akwai rangwame."

Hajara ta ɗago kai.

"Yaya, ashe mutanen kantin nan sun san ta daina shan magani?"

"Ba mutane ba ne. Kwamfuta ce."

"Ita kwamfutar wa ya gaya mata?"

Nafi'u ya ce:

"Ni na koya mata ta riƙa tambaya."

Hajara ba ta zage shi ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Wayar kawai ta miƙa masa, ta koma ta ci gaba da shafa wa mahaifiyarta mai a ƙafa.

Wallahi wannan labari yana ci mini rai.

Gwaggo ta rayu, amma ba ta sake magana ba. Yanzu kowace yamma Nafi'u yana Gwammaja, yana ba ta kunu da cokali, yana cewa, "Gwaggo, kin sha maganinki?"

Ita kuwa sai dai ta bi shi da ido.

Darasi: na'ura za ta iya gaya maka wa ya daina zuwa, amma ba za ta tashi ta je gidansa ba. Tsofaffinmu "lafiya lau" suke cewa ko suna jin jiki. Kada ka tsaya a gaisuwa. Ka je, ka ce a nuno maka kwalin maganin, ka buɗe da hannunka.

Ka tura wa duk wanda ka san yana da tsohuwa ko tsoho mai shan magani. Kafin ka tura, ka fara kiran naka.